Me ya kai Kiristocin Bisharri saman dutse?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga hoton wani gari a Lebanon wai shi Bisharri, ga coci-coci ga dusar ƙanƙara, aka ce duk Kiristoci ne Maruniyawa. Su waye su, kuma me ya kai su can saman dutse?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. A taƙaice dai tsaro ne ya kai su. Bisharri na arewacin Lebanon, wajen mita 1,500 sama da teku, gidajen a maƙale suke a bakin wani kwazazzabo mai zurfi da ake kira Wadi Kadisha, ta bayansu kuma ga Kurnat as-Sauda, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 3,088. Da hunturu ƙanƙara kan toshe hanyar da ta tsallaka zuwa yankin Bika'a da ke gabashin ƙasar. To ka ga mai doki da runduna ba zai so hawa nan ba.

Su Maruniyawa sunansu daga Marun ne, wani mai zuhudu da ya rayu a Siriya ya rasu wajen shekarar 410. Rigingimun aƙida da sauran Kiristoci da yaƙe-yaƙe suka riƙa tura mabiyansa zuwa duwatsun Lebanon, suka sassaƙa ɗakunan ibada cikin kogo, wasu ma sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango ƙofarsu a jikin dutsen. Daga 1440 shugaban cocinsu a gidan ibada na Kannubin ya zauna, can ƙasan kwarin, kusan shekara 400, kuma a gidan ibada na Kozhaya da ke kusa aka buga Zabura da injin ɗab'i tun 1610, wanda ni a ganina ya fi komai ban mamaki, mutanen da suke ɓuya amma suna buga littafi. Suna tare da Fafaroma, sai dai har yau akwai Suriyanci, wani tsohon yaren yankin, a addu'o'insu, Larabci kuma shi ne yaren gida.

Sama da garin kaɗan akwai kurmin al'ul, itacen nan da ke kan tutar Lebanon. Ɗan kaɗan ne ya rage gaskiya, awaki ma sun so cinye 'yan tsiron sai da aka zagaye shi da katanga a 1876 da kuɗin Sarauniya Biktoriya. UNESCO ta sa kurmin da kwarin cikin kayan tarihin duniya a 1998.

Amma dutsen da ya kare su bai iya ciyar da kowa ba, gonakin 'yan fale-fale ne hawa-hawa, tuffa ake nomawa yawanci, shi ya sa ƙaura ta yi yawa. Marubuci Khalil Jibran a Bisharri aka haife shi a 1883, yana yaro aka tafi da shi Amurka, ya rasu a 1931 aka dawo da gawarsa Mar Sarkis, wani tsohon gidan ibada a garin, inda yanzu gidan tarihinsa yake. Kwarorin Najeriya ma da dama daga yankin nan suke, musamman Miziyara, wani ƙauyen Maruniyawa a gundumar Zagarta mai maƙwabtaka.