Bali ko Komoros: amsa ga wani ɗan kasuwa daga Argungu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Argungu. Na yi wa uwargida alkawarin za mu fita waje mu huta in an gama girbin noman rani. Ita teku take son gani, ni kuwa dutse mai aman wuta. Ɗanmu ya ce Bali, wani abokina ya ce Komoros. Wanne ya fi, kuma me ya kamata mu saya kafin tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya bar zumunci. In shawarata kake nema, ka kama hanyar Komoros, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya a gabashin Afirka, ka nufi tsibirin Ngazija inda babban birninsu Moroni yake.

Bali, wadda tsibiri ce a ƙasar Indonesiya, ta fi suna, ta fi otal-otal, wannan babu gardama. Amma Indonesiya ta daɗe tana tsaurara wa masu fasfon Najeriya biza, kuma akasarin mutanen tsibirin mabiya addinin Hindu ne, naman alade yana cikin abincinsu na alfarma, sai kun yi ta tambaya kafin ku sa loma. Komoros kuwa ƙasar Musulmi ce, a filin jirgi ake buga biza, ko da yake ka tabbatar wurin kamfanin jirgi kafin ka biya tikiti. Jirgin Ethiopian yana tashi daga Abuja da Kano zuwa Addis Ababa, daga can ku sauya zuwa Moroni. Kada ku manta katin allurar shawara, ku kuma ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, don can ma akwai shi.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Daminarsu daga Nuwamba zuwa Afrilu take, da zafi da guguwar teku. Daga Mayu zuwa Oktoba gari ya bushe, iska ta yi sanyi. Sai dai Yuli da Agusta lokacin manyan bukukuwan aurensu ne, 'yan ƙasar da ke Faransa suna dawowa gida, kujerar jirgi da masauki su yi wuya.

Dutsen da kake marmari sunansa Kartala, tsayinsa mita 2,361, kuma da ransa: ya yi aman wuta sau biyu a 2005, ya sake motsawa a 2007. Saboda haka ba a hawansa sai da ɗan jagora na gari, wanda ya san hanya, ya kuma san abin da masu sa ido kan dutsen suka ce a makon. Masu ƙarfi suna hawa su sauko a yini guda in sun tashi tun kafin asuba. Ni dai na fi son ku yi kwana ɗaya a hanya. In gwiwar Hajiya tana ciwo, ka bar ta a bakin teku, ba za ta yi asara ba.

A nan ne zan ce ka saki hannu. Narkakken dutse in ya daskare yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba, baƙi wuluk, yana cin tafin takalmi kamar zarto. Silifa da takalmin fata na zuwa Juma'a ba su da aiki a wurin. Ka sayi takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, ka yi ta yawo da shi a gona mako biyu kafin tafiya don ya saba da ƙafarka. Ka haɗa da rigar sanyi irin ta hunturu, da tocila, da rigar ruwa. Mutum yana barin Moroni yana gumi, ya isa sama haƙoransa suna kaɗawa.

Sai ruwa. Kai da ka tashi a bakin gulbi za ka yi mamaki: Ngazija ba ta da kogin da ke gudu duk shekara, domin dutsen yana shanye ruwan sama kamar soso. Gidaje da yawa tanki suke ginawa su tara na sama, shi ya sa tokar aman wutar 2005 ta jefa dubban mutane cikin ƙishi, ta zuba cikin tankunan. Ku sha na gora, ku yi alwala da tattali.

Kuɗi kuwa ka riƙe yuro a hannu, don kuɗin ƙasarsu, faranki, a ɗaure yake da yuro, katin banki kuma ba ko'ina yake aiki ba. Harsunansu Shikomori da Larabci da Faransanci; ɗan Larabcin makarantar allo zai fi maka Turanci amfani. Shafi'awa ne, don haka in ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya ɗaga hannu yana alƙunutu bayan ruku'u a sallar Asuba, ka bi shi kawai. Ka leƙa tsohon masallacin Juma'a na bakin tashar jiragen ruwa, wanda tarihinsa ya kai 1427.

Tsaraba kuwa a bar wa Hajiya. Kanumfari da banila da man turaren furen ilan-ilan su ne arzikin ƙasar, kuma a kasuwar Volo Volo ta Moroni ana tayi kamar yadda kuka saba. Ta dai sa kwalbar turaren cikin akwatin da za a auna, kada a ƙwace mata ita a Addis Ababa.