Shekara uku a gareji: yaushe za a yaye yarona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya shekara uku yana koyon kanikanci a wani gareji a Kwangila, amma har yau yawancin aikinsa wanke kayan inji ne da aike. Maigidansa ya ce sai ya ƙara shekara biyu. Shin gwamnati na da wata ƙa'ida a kan koyon sana'a? Kuma takardar yaye da maigida ke bayarwa tana da amfani? Daga wani mahaifi a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙa'ida akwai ta, mu ne ba mu cika binta ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta, jami'in ƙwadago ya shaida. Yaron da uba ya kai tsakanin shekara 12 da 16 kuwa, wa'adinsa ba zai haura shekara biyar ba. A Zariya mun saba a kama hannun yaro a danƙa wa maigida, a ce "ga amana", a yi addu'a a watse. Amana abu ne mai kyau, kuma da ita aka raini ƙwararrun teloli da maƙeran garin nan. Sai dai idan ba a faɗi abin da za a koya da lokacinsa ba, yaro zai iya tsufa yana miƙa sifana.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne wanke-wanken nan. A shekarar farko daidai ne, ta nan yaro ke sanin sunan kowane ƙarfe. A shekara ta uku ya kamata a ce yana canza birki da kuloci shi kaɗai, yana sauke inji maigida na tsaye a kansa, yana sauraron ƙarar mota ya faɗi inda ciwon yake. Ka je garejin da kanka, cikin mutunci, ka roƙi maigidan ku zauna ku rubuta ayyukan da suka rage, kowanne da watan da za a kammala shi. Maigida nagari ba zai ƙi ba. In ya ƙi, ka fara neman wani garejin.

Takardar yaye tana da daraja a wajen abokan sana'a, amma ma'aikata ko kamfani sun fi neman shaidar hukuma. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a ƙare a na ɗaya. Akwai kuma tsarin NSQ, wato tsarin ba da shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa, wanda hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi. Wannan ya fi dacewa da ɗanka, domin aikin hannu ake aunawa: mai tantancewa zai kalle shi yana gyara, ya yi masa tambayoyi, ya duba shaidar ayyukan da ya yi a baya. Ko a bakin titi mutum ya koya, ana lissafa masa.

Saboda haka tun yau ka saya masa littafi, ya riƙa rubuta kowace motar da ya taɓa, da abin da ya gyara, maigida ya sa hannu. Ya kuma ɗauki hoton aikin da waya. Sannan ka leƙa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ka tambayi cibiyar tantancewa mafi kusa da ke karɓar kanikawa.