Amsar tambayar Baffa game da asalin masu mulkin Birtaniya

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci abin da ya ɗaure maka kai: tun ranar da ka ji a rediyo cewa Rishi Sunak, jikan mutanen Indiya kuma mabiyin addinin Hindu, ya zama firaministan Birtaniya a watan Oktoban 2022, kake son sanin ko da gaske ɗan kowa yana iya hawa wannan kujera, da kuma dalilin da ya sa mu Hausawan da muka zauna a nan Birtaniya muke ɗora rayuwarmu kacokan a kan makarantar yara har muke jinkirta ginin gida a gida. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, amma sai na bi ta tarihi kafin ta fito sarai.

Da farko, a nan talakawa ba sa jefa wa firaminista ƙuri'a kai tsaye kamar yadda ake zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya. Kowace mazaɓa tana zaɓen wakili ɗaya zuwa majalisar wakilai mai kujeru 650, sannan Sarki ya kira jagoran jam'iyyar da ta fi rinjaye ya kafa gwamnati. Shi ya sa jam'iyya take iya sauke jagoranta ta ɗora wani ba tare da an koma rumfar zaɓe ba, kuma ta wannan hanya Sunak ya hau, bayan Liz Truss ta yi kwana 49 kacal a ofis.

Wanda ake ɗauka a matsayin firaminista na farko shi ne Robert Walpole, wanda ya riƙe ragama daga 1721 zuwa 1742, kuma shi aka fara ba gidan nan mai lamba 10 a titin Downing na Landan, wanda ya zama mazaunin firaminista. Daga zamaninsa har wajen shekara ɗari da hamsin, kujerar tana zagayawa ne a tsakanin 'ya'yan masu sarauta da masu manyan gonaki, waɗanda suka san juna tun suna yara, suna auratayya, suna gadar kujerun majalisa kamar yadda ake gadar gona. William Pitt ƙarami ya hau yana ɗan shekara 24 a 1783, kuma mahaifinsa ma ya taɓa riƙe muƙamin. Arthur Balfour, wanda a zamaninsa Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ya karɓi mulki ne daga hannun kawunsa Salisbury. Ka ga ke nan waɗanda suka zo suka tarar da sarautunmu na gado, su ma a gidansu da ɗan gado-gado suke tafiya, sai dai nasu ya sa rigar majalisa.

Abin da ya ɗaure waɗannan gidaje wuri ɗaya shi ne makaranta. Akwai wata makarantar kwana ta maza mai suna Eton, kusa da fadar Windsor, wadda ita kaɗai ta yaye firaministoci 20, tun daga Walpole har zuwa David Cameron da Boris Johnson na zamaninmu. Jami'ar Oxford kuwa fiye da rabin duk waɗanda suka taɓa riƙe muƙamin sun ratsa ta cikinta. Idan ka tuna cewa yaran da ke zuwa makarantun kuɗi a ƙasar nan ba su wuce 7 cikin 100 ba, za ka gane yadda ƙofar take da ƙunci. Misalin da zai fi kusa da kai shi ne Kwalejin Barewa, wadda ta fitar da Tafawa Balewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa, amma Barewa gwamnati ce ta ɗauki nauyin ɗalibanta, ita kuwa Eton kuɗin shekara ɗaya a cikinta ya fi abin da matsakaicin ma'aikaci yake samu a shekara.

Duk da haka an sami waɗanda suka shigo ta taga. Benjamin Disraeli a gidan Yahudawa aka haife shi, ko da yake an yi masa wankan shiga Kiristanci yana ɗan shekara 12, kuma ba don haka ba da dokar wancan lokaci ba ta bar shi ya zauna a majalisa ba. David Lloyd George, wanda ya jagoranci ƙasar a ƙarshen yaƙin duniya na farko, a hannun kawunsa mai ɗinkin takalma ya tashi, kuma harshen Wales ya fara ji kafin Turanci. Ramsay MacDonald, firaministan farko na jam'iyyar Leba a 1924, ɗan ƙwadagon gona ne da 'yar aikin gida. Bayan 1964 aka shiga wani zango na kusan shekara talatin da uku wanda 'ya'yan talakawa da matsakaita suka riƙa bin juna: Harold Wilson, wanda ya mara wa gwamnatin tarayya baya a yaƙin basasar Najeriya har ya je Legas a 1969, sai Edward Heath ɗan kafinta, da James Callaghan wanda bai taɓa shiga jami'a ba, da Margaret Thatcher wadda ta tashi a saman kantin kayan masarufi na mahaifinta a garin Grantham. Wataƙila kana tuna zuwanta Kano a farkon 1988, lokacin da aka yi mata hawan daba. Sai John Major, wanda labarinsa ya fi ba ni sha'awa, domin ya bar makaranta yana da shekara 16, ya yi zaman rashin aiki, daga baya banki ya tura shi aiki Jos, inda ya yi mummunan hatsarin mota a 1967 aka dawo da shi gida da raunin gwiwa. Amma a lura, Wilson da Heath da Thatcher duka makarantun gwamnati na masu hazaƙa suka yi, waɗanda sai an ci jarrabawa ake shiga, daga nan kuma suka wuce Oxford.

Yanzu mu dawo kan Sunak. Gaskiya ne kakanninsa daga Punjab suka fito, iyayensa kuma a gabashin Afirka aka haife su, uban a Kenya, uwar a Tanzaniya. Mahaifinsa likita ne, mahaifiyarsa tana da kantin magani a Southampton, kuma suka ɗaure ciki suka kai shi Winchester, makarantar kuɗi da ke gogayya da Eton, daga can ya tafi Oxford, ya yi aiki a bankin Goldman Sachs, ya ƙaro karatu a Stanford ta Amurka, ya auri 'yar ɗaya daga cikin attajiran da suka kafa kamfanin Infosys na Indiya. A ganina launin fatarsa da addininsa ne sababbi, amma turbar da ya bi tsohuwa ce wadda Turawan kansu suka daɗe da shatawa. Ba na raina abin da ya faru, domin shekara hamsin da suka wuce babu mai mafarkinsa, sai dai ban yarda da masu cewa yanzu ƙofa a buɗe take ga kowa ba. Keir Starmer da ya gaje shi a watan Yulin 2024 ɗan maƙerin kayan masana'anta ne da ma'aikaciyar jinya, shi ma ya fara da jami'ar Leeds ya ƙarasa a Oxford.

Wannan shi ne abin da muke kallo kullum, kuma shi ya sauya mana ɗabi'a. A nan galibin makarantun gwamnati suna fifita yaran da ke zaune kusa da su, saboda haka za ka ga magidanci ya bar gida mai faɗi mai araha ya koma wani matsattse mai tsada, don kawai yana kusa da makarantar da ta yi suna. A garuruwan da makarantun hazaƙa suka rage, kamar Birmingham, yaro yana zama jarrabawar shiga yana da shekara goma zuwa sha ɗaya, kuma iyaye da yawa suna fara biyan malamin darasi shekara biyu kafin nan. Ranar Asabar da Lahadi kuma ta Islamiyya ce da koyon Hausa, don kada a gyara gaba baya ta lalace. Idan muka haɗu wajen suna ko bayan sallar Idi, hirar sakamakon jarrabawa takan rigayi hirar siyasar gida, abin da ni kaina yakan ba ni dariya wani lokaci. Kuɗin da kake ganin ya kamata su zama bulo da kwano a gida, yawancinsu nan suke tafiya, ba mantuwa muka yi da asali ba.

Game da ƙuri'a kuwa, 'yan ƙasashen ƙungiyar Commonwealth, wato ƙasashe renon Ingila, da ke da izinin zama suna da damar yin zaɓe ko ba su karɓi fasfon Birtaniya ba, don haka Bahaushen Najeriya ko Gana ko Kamaru yana jefa ƙuri'a, amma ɗan'uwanmu na Nijar sai ya zama ɗan ƙasa tukuna. Ranar Alhamis ake zaɓe, ba a ba da hutu, mutum yana biyawa ta rumfa kafin aiki ko bayan ya taso. Yawancin waɗanda na sani sun daɗe suna bin Leba saboda asibitin kyauta da sassaucinta ga baƙi, ko da yake yaƙin Iraki a zamanin Tony Blair da kuma batun Gaza sun sa da yawa sun ja baya.

Ka tambaya ko Musulmi zai taɓa hawa. Sadiq Khan, ɗan direban bas, yana riƙe da magajin garin Landan tun 2016, Humza Yousaf kuma ya shugabanci gwamnatin Scotland daga 2023 zuwa 2024, sannan a watan Nuwamban 2024 jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta zaɓi Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas, ta zama jagorarta, ko da yake ita ba Musulma ba ce. Mu Hausawa ba mu kai Yarbawa ko 'yan Pakistan yawa da daɗewa a nan ba, kuma yawancin 'ya'yanmu likitanci da injiniyanci da aikin kwamfuta suke nufa, kaɗan ne ke sha'awar shiga jam'iyya su fara daga kansila. Jikarka ta fari za ta zauna tata jarrabawar a watan Satumba, muna roƙon a sa ta cikin addu'a. A gaida Inna da sauran mutanen gida.