Mutum 14 Sun Ƙara Mana Kuɗin Wata, Dole Ne Mu Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar teloli mata a Tudun Wada, Kaduna, mu 90 ne a rajista. A taron da ya wuce mutum 14 suka zo, shugabarmu ta ce daga yanzu kuɗin wata ya tashi daga N1,000 zuwa N2,000, aka tafa. Yanzu ta ce in rubuta cewa an amince, in bi sauran gida-gida su sa hannu a takardar halarta. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki kai takardar nan gidan kowa. Sa hannun wadda ba ta zo ba a takardar halarta shaidar zur ce, kuma ranar da rigima ta kai kotu, rubutunki za a fara ɗagawa kafin a kira shugabar.

Hanyar yanke shawara a taro kin san ta: a sa batun a ajanda cikin takardar gayyata, wata ta gabatar da ƙuduri, wata ta mara mata baya, a tattauna, a ɗaga hannu, a ƙirga, ki rubuta adadin. Tafi ba ƙuri'a ba ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan da nake ji kusan kullum a ofis, wai "wanda bai zo ba ya yarda". Wa ya ce? Kafin taro ya iya yanke komai, sai an cika mafi ƙarancin adadin mahalarta da kundin tsarin ƙungiya ya gindaya. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da ke zama a Lugard Hall tana da mambobi 34, kuma Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai kashi ɗaya cikin uku sun hallara, wato mutum 12, kafin zama ya inganta. Idan 'yan majalisa ba su tsallake wannan ba, ina dalilin ƙungiyar unguwa? Ko da kashi ɗaya cikin uku ne naku kundin ya ce, mutum 30 kuke bukata. Mutum 14 hira suka yi. Abin da ya rage musu shi ne su ɗage taron su sa wata rana.

Haka masu cewa an tura a WhatsApp, ba wanda ya yi magana, to an amince. Wata ba ta da data, wata wayar tana hannun ɗanta, wata kunyar Hajiya shugaba take ji. Wannan ba ƙuri'a ba ce, sai dai in kundinku ya halatta ƙuri'a ta waya ƙarara. Na ga ƙungiyoyin da suka dare biyu a kan irin wannan, ana zargin juna da cin kuɗi alhali ba wanda ya ci ko sisi.

Ki duba wani abu kuma. Idan an rubuta adadin kuɗin watan a cikin kundin, ƙarin ya zama gyaran kundi. In kun yi rajistar amintattun ƙungiyarku da Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA ta 2020, ta ce sai hukumar ta amince da gyaran bayan ƙuri'ar mambobi.

Ki samu Hajiya ke da ita, cikin girmamawa. Ki rubuta gaskiyar abin da ya faru: mutum 14 sun zo, adadi bai cika ba, ba a yanke komai ba. Sannan ki fitar da sabuwar gayyata, batun ƙarin kuɗi a layin farko.