Likita yace ta ci gaba da magani, likitan haƙori yace ta dakata: wa za mu bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema akan Mamanmu. Tana da ciwon gaɓoɓi irin wanda yatsu ke kumbura su sandare da safe, likita ya ɗora ta akan wani magani methotrexate tana sha duk sati, kuma Alhamdulillah ta samu sauƙi har tana iya ɗaukar buta da kanta. To kwanan nan sai gyambo ya feso mata a baki, cikin kumatu da gefen harshe, ko kunu sai ya huce take iya sha, tuwo kam ba'a maganarsa. Muka kira likitanta a waya yace ta ci gaba da maganinta ta dinga kuskure baki da ruwan gishiri zai wuce. Da abin yaƙi sauƙi muka kaita wajen likitan haƙori, shi kuma yana jin sunan maganin yace ta dakata da shi, ya rubuta mata na shafawa da na kuskura. Yanzu gidan ya rabu biyu, Yayanmu yana bayan likita ni ina bayan na haƙori, ga mai kemis ɗin layinmu yana cewa a bata Septrin. Wa za mu bi? Mai karatunku daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya yasa kaffara ne. Kafin komai, dan girman Allah kar ku bata Septrin ɗin nan, ko ƙwaya ɗaya. Shi methotrexate aikinsa toshe hanyar sinadarin folate ne a jiki, wato sinadarin da jiki ke buƙata wajen ƙera sababbin ƙwayoyin jini, Septrin ma ta nan yake bi, in suka haɗu sai ɓargo ya kasa ƙera ƙwayoyin jini, kuma an sha rasa rayuka ta haka. Ki sanar da duk wanda ke siyo mata magani a gidan.

Maganar wa za ku bi kuwa, kowannensu yana da gaskiyarsa amma ni a wannan karon na fi karkata wajen likitan haƙorin, saboda shi ya buɗe bakin ya gani da idonsa, shi kuwa likitanta a waya aka bashi labari, kuma kin san yadda muke ba da labari a waya, "ƴan ƙuraje ne suka fito mata a baki" shikenan. Gyambon baki ga wanda baya shan komai yawanci ba abin tashin hankali bane, cikin kwana 7 zuwa 14 yake warkewa da kansa. Amma ga mai shan methotrexate lissafin daban ne, yana daga cikin alamun farko da ke nuna maganin ya fara yi wa jiki yawa, don fatar cikin baki tana saurin sabuntawa, ita ce ke fara nunawa. Sai dai fa likitan haƙori ba shi ya ɗora ta a kai ba, don haka ba shi zai yanke hukuncin a bar maganin gaba ɗaya ba, in aka watsar da shi haka kawai ciwon gaɓoɓin zai dawo ya ci gaba da cin yatsun nan.

Abinda nake so kuyi shine, kafin ranar shan na gaba ta zo ku kaita gaban likitanta ido da ido, ba waya ba. Ku koma wajen likitan haƙorin ya rubuta a takarda abinda ya gani da abinda ya bata, ku haɗa da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta kawo. Ku nemi ayi mata gwajin ƙwayoyin jini wanda a lab suke cewa FBC, da na ƙoda da hanta, tunda ta ƙoda maganin ke fita kuma in ƙodar dattijuwa ta ɗan yi rauni sai ya taru a jiki. In ranar ta riga ku, gara a jinkirta har sakamakon ya fito, tsallake sati ɗaya baya rushe aikin maganin. Amma in akwai zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, jini daga dasashi ko hanci, tabo-tabo a fata ko numfashi sama-sama, yau ɗin nan za ku tafi asibiti, kar ku jira ranar kilinik.

Ki zauna da Mama ki tambaye ta a hankali yadda take shan maganin. Sau ɗaya ne a sati, rana guda tsayayya, kuma ana samun tsofaffi su haɗa shi da na hawan jini su dinga sha kullum ba tare da sun sani ba. Sannan folic acid da ake haɗawa da shi, tana sha kuwa? Mutane da yawa in ya ƙare basa sake siya sai suce ai maganin ƙarin jini ne kawai, alhali shi ke rage irin wannan gyambon, kuma sau tari ƙara shi ko rage yawan methotrexate ɗin shine gyaran da likita zaiyi. Ba a rana ɗaya ake shansu ba. Ki duba kuma ko tana shan diclofenac ko ibuprofen na kemis don ciwon gwiwa, suma likita ya sani.

Kafin nan ta samu ta ci abinci. Ruwan gishirin da likita ya faɗa yana da kyau, rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi. In maganin kuskurar da likitan haƙori ya rubuta mata mai suna chlorhexidine ne ta bari sai bayan minti 30 da goge baki, yana ɗan dafar da haƙori musamman ga mai shan shayi amma yana fita. Na shafawar, a tsane wurin da auduga tukunna a ɗora kaɗan bayan cin abinci da lokacin kwanciya, sai dai in kin ga farin abu kamar daskararriyar madara ya lulluɓe harshe ku faɗa wa likita, wannan wani ciwon ne daban kuma maganin shafawa mai steroid, wato sinadarin rage kumburi, ƙara masa ƙarfi yake. A sassauta yaji da tsami da goro, a bata kunu mai ɗumi-ɗumi, fate, madara, ƙwai, ta dinga shan ruwa sosai. Kar a ɗora mata aspirin ko kanwa akan gyambon, ƙona naman suke.

In kuma akwai guda ɗaya da ya kai sati 3 bai rufe ba, musamman a gefen harshe, ko gefensa yayi tauri, ku koma wajen likitan haƙorin ya duba ko wani haƙori mai kaifi ne ke gurzarsa, in ba shi bane ya tura ku sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa a ɗan yanki wurin a gwada.