Thaddeus Stevens sanata ne?

Ɗan uwa, ka tambaya ko Thaddeus Stevens sanatan Amurka ne. A'a, ɗan majalisar wakilai ne daga jihar Pennsylvania. Lauya ne a garin Gettysburg na jihar tun farko, a 1835 ya tsaya kai da fata a majalisar jiha kar a soke makarantun kyauta, saboda 'ya'yan talakawa, wallahi abin nan na burge ni. Ya yaƙi bauta, yana gaba-gaba wajen gyaran tsarin mulki na 14 da yunƙurin tsige shugaban ƙasa Andrew Johnson a 1868, shekarar da shi Stevens ya rasu. Amma kula fa, kar ka haɗa shi da Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan awaren Kudancin Amurka a lokacin yaƙin basasar ƙasar. Gyaran na 14 kuwa, nemi malamin shari'a ya warware maka.