Ƙanena, ba a furta wannan "-ent" ɗin

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana shirin jarrabawar ƙwarewa a Faransanci ta DELF B2 don neman gurbin karatu ta Campus France, hukumar da ke kula da masu son karatu a Faransa, kuma kana tambaya ko kalmar "parlent" (ta ils parlent, suna magana) gaɓa biyu ce. A takarda ana raba ta biyu, par-lent, amma a baki gaɓa ɗaya ce tak: parl. Wannan -ent da ke ƙarshen aikatau bayan ils ko elles (wato "su"), ba a furta shi ko kaɗan. Je parle, tu parles, il parle, ils parlent, aikatau ɗin duk sauti ɗaya ne. Sai a nous parlons da vous parlez gaɓa ta biyu ke fitowa.

Inda muke shan wahala shi ne bakin Bahaushe bai saba da baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma ba, sai ya cusa wasali ya ce "parli". Ka tsaya cak a kan l ɗin. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lekol, makarantar boko ta Faransanci, tun suna yara ba su cika samun wannan matsala ba.

To, ta yaya ake gane mutum ɗaya ake nufi ko da yawa? Idan aikatau ya fara da wasali, s ɗin ils sai ya koma z ya manne masa. Il aime ana jin i-lem, ils aiment kuwa il-zem. Nan nake so ka fi ba da ƙarfi, domin a nan Liyon ta Faransa malami ba ya rage gudu don kai. Ils ont da z, suna da. Ils sont da s, su ne. Sauti ɗaya ya kuɓuce maka, ma'anar jimla ta tafi. Ka kuma lura, a il vient da il sent ƙarshen ba shiru yake ba, ana jin wasalin ta hanci, don mutum ɗaya ake nufi.

Jarrabawar kashi huɗu ce, kowanne maki 25, kuma in ka samu ƙasa da 5 a sauraro ko magana ka faɗi, komai kyan rubutunka. Ka riƙa sauraron Journal en français facile, shirin labarai na RFI cikin sauƙin Faransanci, kana bin rubutunsa da ido, kana maimaitawa da ƙarfi. Idan da hali, ka shiga ajin Alliance Française na Kano, cibiyar koyar da Faransanci, don a riƙa gyara maka furuci. Ka gaida su Inna.